Makullan Kasuwa a Cikin Adakata

Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Ga ta nan tafe, amma ba daga dawa ta fito ba. Daga ɗakina ta fito, nan Kubwa, 'yan shekarun nan, kuma duk wanda ke cikinta yana nan da ransa yana cin tuwo.

Ni dai ban taɓa zama a aji ba. Iyakar karatuna wanda zan yi salla da shi ne. Maigidana, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne a karar Dei-Dei, shekara da shekaru ina wanke masa riga mai warin garke. Da ya rasu sai ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ɗan fari ne, ku ma kun san ba a yi. Ya daɗe yana aikin kwamfuta a banki har furfura ta kama shi, sannan ya ajiye ya koma ba da shawara. Na ce da shi, shawara kuma aiki ce? Ya ce aiki ce, Inna, har ɗaukar mutum ake yi. Na ce ashe na daɗe ina yi wa jama'a aiki ban sani ba.

Wasu matasa uku ne suka ɗauke shi ya zama babban mai ba su shawara. Kasuwa suke ginawa, wai a cikin waya, inda za a riƙa musayar kuɗin nan na intanet da ba a taɓawa da hannu. Su ke gini, shi kuwa aikinsa ya riƙa zagayawa yana neman inda ɓera zai shiga. In ya ce a rushe, a rushe. In ya ce bai yi ba, bai yi ba.

Na tambaye shi wane ne sarkin kasuwar.

"Ba ta da sarki, Inna."

"Dillali fa?"

"Ai shi ake gudu. Mai saye da mai sayarwa su haɗu kai tsaye, na'ura ta tsaya musu a tsakani."

Na ce, "Ɗan dillali ne yau ke gina kasuwar da ba dillali. To wa zai ce an sallama? Wa zai ce Allah ya sa albarka?"

Ya yi dariya ya ce na'urar ba ta kai nan ba tukuna.

Ofishinsu a Wuse yake, amma duk Asabar a falonmu suke yini, shi ya sa na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai dogon, shi ne shugabansu, a Mararaba yake zaune, bakinsa kamar rediyon mai shayi. Akwai yarinyar, 'yar Filato ce, Kirista, tana zaune wurin gwaggonta a Masaka. Ɗana ya ce rabin kasuwar daga yatsunta ya fito. Sai na ukunsu mai tabarau, sabon ango, wanda in ka ji ya yi magana to gishiri ne bai ji a miya ba. Duk Oga suke ce wa ɗana. Ni kuwa maza biyun Kaka suke kirana, yarinyar ta ce Mama.

Dogon ne ya fara zuwa. Wata Asabar ana tsakiyar cin dambu ya sulale ya shigo ɗakina, ya durƙusa, ya miƙo mini 'yar takarda a naɗe cikin leda, ba ta fi laya girma ba.

"Kaka, ajiya na kawo. Ɗakinmu mu huɗu ne, kuma sau biyu ana fasa mana ƙofa. Don Allah kada kowa ya sani. Ko Oga."

Ajiya ba baƙuwata ba ce. Tun muna Dei-Dei mata ke kawo mini sarƙa da takardar fili da abin da ba sa so miji ya gani. Ka'idarta kuwa tun wurin kakata na same ta: ba a tambayar mene ne, ba a buɗewa, ba a faɗa wa kowa, ba a bayarwa sai hannun da ya kawo. Na karɓa, na ƙulle a ƙyallen atamfa, na jefa a ƙasan adakata.

Sati ya zagayo, ga yarinyar. Ita ma leda, ita ma kamar laya.

"Mama, kai kaɗai na yarda. Gidan anti na ruwa yana shiga, kuma kullum ina cikin bas, in an ƙwace jaka na shi ke nan. Kar ka gaya ma kowa fa. Ko Oga."

Na ce to. Tata a safar jariri na sa, don in bambance.

Mai tabarau shi ba ranar Asabar ya zo ba, ranar Litinin ya zo da la'asar lokacin da ya san ɗana ba ya nan, da ledar lemo a hannu. Ya gaishe ni har gaisuwa ta ƙare, ya sake ɗauko ta daga farko. Can dai ya ce amaryarsa mai tsabta ce ƙwarai, duk abin da ta gani a aljihu sai ya sha ruwan omo, duk takardar da ta gani a ɗaki sai ta share. Ya miƙo. Na sa tasa a tsohon gwangwanin man zafi. Yana fita ya juyo ya ce, "Kaka, ko..."

Na ce, "Ko Oga. Na sani."

Ya dube ni, na dube shi. Ban ƙara ba. A raina na ce yaran zamani sun koma wa laya ke nan, amma kunya suke ji a sani.

Ana haka har aka sa ranar buɗe kasuwa, wata Alhamis. Ranar Talata ɗana ya dawo da wuri, fuska a sake, ya shigo ɗakina ya zauna a tabarma ina dama masa fura. Ya ce aiki ya zo ƙarshe, saura abu ɗaya. Na ce wane abu?

Ya ce, "Maganar makullai. Kin ga kasuwar ba ta da sarki, amma tana da ƙofar baya, wadda in wani abu ya lalace za a shiga a gyara. Wanda ya shiga ta nan kuwa, dukiyar kowa na gabansa. Shi ya sa na ce kada mutum ɗaya ya riƙe makullin. Aka yi guda uku, kowa ɗaya. Sai biyu sun haɗu ƙofar ke buɗewa."

Na ce dabara ta yi. Na ce irin kwaɗon nan ne manya na shagunan Dei-Dei?

"A'a, Inna. Kalmomi ne a rubuce a 'yar takarda. Wanda ya riƙe takardar ya riƙe makullin. Na ce kowa ya kai tasa inda ba mai karantawa, inda sauran ba su sani ba. Ni kaina na hana su faɗa mini."

Ludayin ya tsaya a hannuna.

Na ce, "In biyu suka kwana wuri ɗaya fa?"

"To an gama. Ɓarawo ya shiga sau ɗaya ya kwashe na bayin Allah."

"In ukun ne fa?"

Ya yi dariya. "Haba Inna, wannan ai ba ya faruwa. Na tambaye su ɗai-ɗai, kowa ya rantse tasa na inda ba wanda ya sani. Jibi zan sa hannu a takardar shaida cewa na bincika, a rabe suke. Masu kawo dukiyarsu ba yaran suka sani ba, ni suka sani. Sunana ne jinginar."

Yana faɗin haka yana jingine da adakar. Wallahi bayansa a jikinta yake.

To ku duba inda aka ajiye ni. In na yi shiru, ɗana zai sa hannu a kan ƙarya, sunan da ya yi shekaru yana tattali ya tafi a kan abin da ke ƙarƙashin zannuwana. In na buɗe baki, na ci amanar mutum uku a zama ɗaya, ni da tun ina amarya ba a taɓa cewa ajiya ta yi ƙafa ko ta yi baki a hannuna ba.

Laraba da hantsi na ɗauko 'yar wayata mai maɓalli. Dama kowannensu ya sa mini lambarsa a kan maɓalli guda, in na danne na riƙe sai ta kira. Na fara da dogon. Na ce ya zo ya karɓi ajiyarsa yau.

"Kaka, yau? Ina wurin masu kujeru da rumfa. Bari a buɗe, sati mai zuwa in sha Allahu. Ko wani abu ya faru?"

Me zan ce? In na ce ajiyarka ta yi 'yan'uwa, ai na faɗa. Na ce ba komai, tsufa ne. Ya ce, "Tsufan lafiya, Kaka, ke da za ki ga jikokina," ya kashe.

Yarinyar ta ce kwana biyu ba ta ɗaga kai daga kwamfuta ba, in yi mata haƙuri. Mai tabarau kuwa wayarsa ta yi ta kuka har ta gaji.

Sai na ce to bari in raba su da kaina, tunda rabuwa ake so. Na bar ta atamfa a adaka. Gwangwanin na tura shi can cikin buhun shinkafa a sito. Safar jaririn na ɗaure a bakin zanena. Na koma na zauna ina jin na yi abin kai. Ban kai ga idar da azahar ba na ga wautata. Ɓarawon da zai zo nema ba adaka zai tambaya ba, ba buhu zai tambaya ba. Tsohuwa ɗaya zai tsare, ta nuna masa duka ukun. Wurin ajiyar ba adaka ba ce, ni ce. Na je na tono gwangwanin, matar ɗana na kallona da shinkafa har gwiwar hannu, ina mayar da shi adaka tare da safar, ta ce Inna lafiya? Na ce ƙwari nake dubawa.

Alhamis da safe ya fito cikin farar shadda, hula ta zauna, ƙamshi na tashi. Ya leƙo ya ce in sa masa albarka. Na ce ya shigo ya zauna. Ya duba agogo, amma ya zauna.

Na ce, "Takardar nan kada ka sa mata hannu yau."

"Don me, Inna?"

"Ba zan faɗa ba."

"Mafarki kika yi?"

"Ni da mafarki ban taɓa hana kowa fita ba."

"Wani ya gaya miki wani abu?"

Na kau da kai gefe. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Inna, an gayyaci mutane. An yi abinci. Akwai wanda ya taso daga Legas. In na ce a tsaya, sai na faɗi dalili, in kuwa ba dalili, gobe ba wanda zai sake kirana. In ce musu me? In ce uwata ce ta hana?"

Na ce, "Ubanka in ya san wani abu game da saniya, kuma maganar ba tasa ba ce balle ya faɗa, ba ya tonon silili. Hannun mai saye yake ja gefe ya ce, wannan ba taka ba ce. Mai hankali sai ya koma ya sake duba ta da kyau, tun daga haƙori har kofato."

Ya ce, "Aikina kaf shi ne kada a yarda da maganar kowa sai an gani da ido."

Na ce, "To je ka ka gani mana. Ni ban hana ka gani ba. Sa hannu na hana."

Ya daɗe yana kallona. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya mayar da hularsa ya fita, na ji tashin mota. Na ɗauki carbi na zauna, ban san wanda zai dawo mini ba, ɗan da ya ji magana ko wanda ya sa hannu.

Abin da ya faru a ofis daga baya yarinyar ta ba ni labari. Ta ce yana shiga, ga baƙi sun fara taruwa, ya kira su uku gefe ya ce akwai gwaji ɗaya da ya rage. Kowa ya tafi yanzu inda takardarsa take ya gan ta da idonsa, shi kuma zai kira su ɗai-ɗai ya ji sun isa. Dogon ya ce haba Oga, yau kuma? Ya ce yau ɗin, in ba haka ba alƙalaminsa ba zai fito daga aljihu ba. Suka fita kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa hanya. Dogon ya yi kamar Mararaba za shi, sai da ya sha kwana ya sauya mota. Mai tabarau ya zagaya ta Gwarinpa. Ita kuma ta ɓuya a wani shago har suka ɓace.

Ni ina zaune wajen azahar na ji sallama. Dogon ne, gumi har ƙeya. Bai gama durƙusawa ba aka sake sallama, ga mai tabarau. Suka tsaya suna kallon juna kamar zakaru biyu a akurki ɗaya.

Dogon ya ce, "Malam, me ya kawo ka?"

"Gaisuwa."

"Ranar buɗe kasuwa, da rana tsaka, ka taso daga Wuse gaisuwa?"

"Kai fa?"

"Ni ai jikan gida ne."

Na ce su zauna. Suka zauna. Dogon ya ce Kaka ina gajiya, na ce ba gajiya. Mai tabarau ya ce ya ƙafar, na ce da sauƙi. Dogon ya ce ya zafi, na ce lokacinsa ne. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya tashi, ba mai tashi. Har sun fara tambayata lafiyar kajin maƙwabta sai ga keke ya tsaya a ƙofar gida. Yarinyar ta ɗaga labule, ta ga mutum biyu a tabarma, ta dubi adakar, ta dube ni. Ita ce mai kan a cikinsu. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Allah na! Ku ma?" Sai ta zube ƙasa tana dariya har da hawaye.

Nan wayar dogon ta yi ƙara. Oga ne. Ya ɗauka.

"Ka isa?"

"Na isa, Oga."

Daidai lokacin maƙwabtanmu suka tada injin markaɗe, wanda duk Kubwa ba mai irin kukansa. Ɗana kuwa ko cikin barci ya san kukan injin nan, ga shi ya ji shi a waya. Ya kashe. Sai ta mai tabarau ta ɗauka. Yana amsawa, injin na nan na kuka. Ya kashe. Da ta yarinyar ta yi ƙara ba ta ma bari ya tambaya ba, ta ce, "Oga, ka zo gida kawai. Dukanmu muna nan."

Ni dai ban ce uffan ba, Allah ne shaidata. Na buɗe adaka, na jera ƙyalle da safa da gwangwani a faranti, na ajiye a tsakiyar ɗaki. Na ce, "Akwai masu ajiya a wurina. Ban ce ga su ba. Wanda ya san hannunsa ya kawo, hannunsa ya ɗauka." Hannu uku suka miƙo.

Da ya iso, ya cire takalmi, ya zauna a bakin ƙofa, ya bi su da kallo.

"Na ce inda ba mai karantawa."

Dogon ya ce, "To Oga, ai Kaka ba ta karatu."

"Ɓarawon da zai zo fa? Shi ma an ce maka bai yi makaranta ba?"

Mai tabarau ya ce a hankali, "Ni dai na duba duk Abuja, ban ga inda ya fi nan amana ba."

Yarinyar ta ce, "Shi ne matsalan. Dukanmu mun duba."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya shafa gemu ya ce laifinsa ne. Ya ce ya yi musu tambayar da kowa zai amsa da gaskiya amma a taru a kan ƙarya, kuma shi da ke neman ramin ɓera a cikin na'ura bai tuna cewa mutanenmu in abu ya yi musu nauyi wurin tsohuwa suke kai shi ba. Ni ko kallona bai yi ba, ni ma ban kalle shi ba. Daga baya dai na ga an sauya mini tabarma da darduma mai laushi, ba wanda ya ce ga dalili.

Bai sa hannu ba ran nan. Ya koma Wuse ya tsaya gaban baƙi ya ce ya ga ɓaraka a wajen makullai, ba za a buɗe ba sai an gyara, bai ambaci sunan kowa ba. Abincin da aka yi a mota aka kawo shi, layinmu kaf aka ci shinkafa da kaza, har yau akwai masu tambayata bikin wa aka yi. Aka yi sababbin makullai, tsofaffin takardun kuwa a kaskon turarena aka ƙona su. Aka samo wani lauya, kowa ya je ya faɗa masa unguwar da tasa take, ba gidan ba, shi kuma ya tabbatar ba biyu a wuri guda. Sai bayan sati uku ɗana ya zaro alƙalami.

Mutumin Legas ya yi fushi ya janye, bai dawo ba. Dogon ya yi kwanaki ba ya ɗaga wayar ɗana, sannan wata Asabar ya bayyana da tsire ya ce yunwar dambu ce ta kawo shi. Yanzu ya bar Mararaba, yana da ɗaki nasa shi kaɗai, kuma shi ne ke ba da labarin nan a taro kamar shi ya gano abin. Yarinyar ta zama ita ce babba a kan na'urorinsu, duk Kirsimeti sai ta aiko mini da dankalin Filato. Mai tabarau ya bar su ya koma koyarwa, amaryarsa ta haifi 'yan biyu, tsabtar ta ragu. Kasuwar tana nan tana ci, ba ta cika ba, ba ta watse ba. Ɗana ya gama da su ya koma wa wasu, an ce da yawa na gudunsa don ba ya sa hannu da wuri, waɗanda suka san abin da suke yi kuwa shi suke nema.

Ni kuma ina nan, ana kawo ajiya ina karɓa. Ban fara buɗewa ba, ban fara faɗa ba. Abu ɗaya na ƙara a kan ka'idar kakata: kafin in miƙa hannu sai na tambaya ko abin yana da 'yan'uwa, in kuwa yana da su, su nawa ne, kuma wa ya aike su neman tsohuwa.